Idan aka yi kunnen doki a zaɓen shugaban Amurka

Mutane da yawa sun ɗauka in 'yan takara biyu suka samu 269-269 a ƙuri'un wakilan zaɓe (mutanen da jihohi ke fitarwa su zaɓi shugaban ƙasa) a zaɓen Amurka, sai a je zagaye na biyu kamar yadda aka yi a Nijar a 2021, ko a duba wanda ya fi yawan ƙuri'un jama'a. Ko ɗaya ba haka bane wallahi.

Wakilan zaɓe 538 ne, sai mutum ya samu 270 ya ci. In babu wanda ya kai, majalisar wakilai ce za ta zaɓi shugaban, amma fa ba kowane ɗan majalisa ke da ƙuri'arsa ba, kowace jiha ƙuri'a ɗaya tak, wato Kalifoniya mai 'yan majalisa 52 daidai take da Wayomin mai ɗan majalisa ɗaya, abin da mamaki gaskiya. Jiha 26 ake buƙata. Mataimaki kuma sanatoci ne ke zaɓensa daban, shi ya sa shugaba da mataimakinsa za su iya fitowa daga jam'iyyu biyu.

An taɓa yi a zaɓen 1800, 'yan takara Thomas Jefferson da Aaron Burr kowa ya samu ƙuri'un wakilan zaɓe 73, sai da majalisa ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya haye.