Yaushin ganye da rana ba kullum ne ƙishirwa ba

Da yawanmu da zarar mun ga ganyen shuka ya yi yaushi da tsakar rana, sai mu ruga mu ɗebo ruwa, a zatonmu ƙasa ce ta bushe. Sau da yawa kuwa ƙasar na nan da danshinta, iska ce ta jawo abin.

A jikin ganye, musamman ta ƙasansa, akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan shuka ke shaƙar iskar da take haɗa abincinta da ita, ta nan kuma ruwa ke fita ya zama tururi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta zuƙo ta haka yake tafiya.

Zafi na ƙara saurin fitarsa, amma ba shi kaɗai ba. Busasshiyar iska ta fi mai laima jan ruwa, idan kuma tana kaɗawa sai ta share tururin da ya taru a bakin ƙofofin, wani ya biyo baya. Shi ya sa shuka kan yi asarar ruwa sosai a ranar da iska ta bushe, ko da babu zafi can. In ganye na fitar da ruwa fiye da yadda saiwa ke kawowa, sai ya langaɓe, ƙofofin su rufe, da yamma kuma ya miƙe abinsa.

A tona ƙasa da yatsa kafin a ƙara ruwa. Saiwar da ruwa ya yi wa yawa ba ta samun iska, ruɓewa take yi, ganyen kuma ya yi yaushi kamar na ƙishirwa.