Haƙurin da muke yabo a zaman makoki

Ina so mu daina yabon mace da cewa ta yi ciwo ba wanda ya sani. Na san maganar za ta yi wa wasu nauyi, musamman 'yan uwa da za su gane da wa nake. Amma a zaman makokin Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, kusan duk wadda ta shigo gaisuwa abin da take faɗa ke nan: "Allah sarki Sista, mai haƙuri, ko wash ba a taɓa jin ta ce ba." Gaskiya suka faɗa. Sai dai shirun nan da ake yabo shi ya ba sankarar mama damar yaɗuwa a jikinta. Allah Ya jiƙanta, Ya sa jinya ta zama kaffara.

Nas ce, yawancin shekarun aikinta a ɗakin haihuwa ta yi su. Gidanta a unguwar Mabera cikin Sakkwato kuwa ya zama asibiti na biyu. Tsakar dare za a buga ƙofa, uwa riƙe da yaro jiki rau da zazzaɓi. Za ta ɗora bayan hannu a wuyansa, ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba ko yana da jini, in ta ga fari fat sai ta ce, "Tashi mu tafi, wannan ba na gida ba ne." Ba ta yarda da allura a ɗaki ba, har wasu maƙwabta na ganin rowa ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lambunta. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma ruwan sha ma sai an jira 'yan ga-ruwa, ya san raya ganye a tsakar gida ba wasa ba ne. Ita kuwa ba ruwan da ke zubewa a banza a gidanta. A gindin lemun tsami take alwala. Ruwan wankin shinkafa na tarugu ne, na ɗauraye kwanuka na gwanda. Tsofaffin bokitai da buhunan siminti ta cika da ƙasa da kashin awaki, ta jera guro da sure da lalo a bakin katanga, zogale kuma ya fi ƙarfin gida har ana rabo. Duk matar da ta karɓi haihuwarta a unguwa, kafin suna za ta ga yaro da ƙullin ganye, da saƙon a dafa a yi kwaɗo a ci. Akuyar maƙwabta kaɗai na taɓa ganin ta sa Gwaggo ɗaga murya.

In ta dawo daga aikin dare, kafin ta cire fararen kaya sai ta zagaya shukokin nan tana birkita ganye ɗaya-ɗaya tana duba bayansu. In ta ga ƙwari ta barbaɗa toka nan take, tana cewa wanda ya bari sai gobe ya yi asara. Matar da ke wa ganyen guro wannan binciken ita ce ta ji ƙullutu a mamanta ta yi watanni ba ta faɗa wa kowa ba.

Kada wani ya ce jahilci ne. Ita ke koya wa mata a wurin awo yadda za su shafa mama bayan sun gama al'ada, ita ke gaya musu ƙullutun da ba ya zafi ma abin a gwada ne, kuma yawancinsu ba daji ba ne in an duba. Ta sani sarai. Abin da ya riƙe ta lissafi ne: kuɗin makarantar ɗanta a jami'a, kayan ɗakin babbar ɗiyarta da aka sa wa rana, da ƙarancin ma'aikata a wurin aiki, inda in ta kwanta ba mai riƙe mata. Akwai kuma tsoron da mata ba su cika furtawa ba, na a cire mama a bar ki da kallon mutane da tunanin abin da miji zai yi. Mun ga ta rame. In na ce, "Gwaggo, mi ya same ki?" sai ta ce, "Ba komi ɗiyata, gajiya ta."

Da magana ta fito fili kuma sai dangi suka ƙara nasu. Ba a Sakkwato kaɗai ba, ko'ina a ƙasar Hausa za ka ji ana cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar wuƙa ko allura ta taɓa shi ya fusata. Aka yi ta kawo jiƙe-jiƙe da na shafawa, kowa da mai maganin da ya sani. Abin da ke faruwa shi ne mata kan je asibiti bayan ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4, a yi aiki a makare, in an rasu sai a ɗora wa wuƙa laifi. Ba ni da ja da addu'a, ita ma ba ta taɓa sakin ta ba. Amma addinin da ya ce mu roƙi Allah shi ya ce mu nemi magani.

Ta yi tiyata, ta sha allurar kimo mai kashe ƙwayoyin daji duk bayan mako uku, gashin kanta ya zube, farcenta suka yi baƙi, ƙamshin miyar da ta shuka ganyenta da hannunta ya koma sa ta amai. Maigidanta ya sayar da fili, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Allah Ya saka masa. Da an yi wannan ɗawainiyar tun ƙullutun yana ƙarami, da wahalar ba ta kai haka ba, kuɗin ma haka. Ajali na Allah ne, na sani, amma sakaci namu ne.

Mu a nan muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗaya daga cikin 'yan tsirarun wurare a Najeriya da ke da sashen gasa ciwon daji da na'ura, har daga Kebbi da Zamfara ake zuwa. Amma matar da ba ta da kuɗin mota da izinin fita, kusancin asibiti bai amfane ta da komi ba. Maza, in matarka ta ce ta ji wani abu a jikinta, kai ta da kanka, kada ka ce a bari sai albashi. Shugabannin asibitoci kuma, me zai hana a ware rana a shekara a duba nas-nas da ungozomomi su kansu, tilas, kyauta?

Bayan sankarar mama, ta bakin mahaifa ce ta fi kama matan ƙasar nan, ita kuwa tana da rigakafi. Tun watan Oktoban 2023 gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa ta, kyauta, sau ɗaya tak. Gwaggo tana kwance ta sa aka kai autarta aka yi mata, ta kuma aika wa maƙwabta su kai nasu. Wasu sun kai, wasu suka ce sun ji a WhatsApp tana hana haihuwa, alhali matar da ta aiko musu ita ta karɓi haihuwar yaran nan da hannunta. Mai ɗiya a wannan shekarun ya tambaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da shi.