Hawan jini ba ya jin taron bita

Makon jiya ƙanwata, wadda ungozoma ce a wata cibiyar kiwon lafiya a nan Maradi, ta dawo gida da jaka, da littafin rubutu, da biro, da takardar shaida. An tara su kwana biyu a zauren wani otal mai na'urar sanyi, an koya musu yadda ake rage damuwa a wurin aiki: ki ja dogon numfashi, ki ƙirga zuwa goma, ki yi murmushi. Ranar da ta koma bakin aiki, masu ciki sun cika benci har ƙasa, abokiyar aikinta tana hutun haihuwa ba a turo madadinta ba, safar hannu kuma ta ƙare. Da dare ta ce mini: "Yaya, na ja numfashin, amma layin bai ragu ba."

Wannan yayi na tarurrukan bita ya ishe ni. Manufarsa a fili take, ko da ba a faɗa ba: in ma'aikaci ya galabaita, laifin zuciyarsa ne, sai a gyara shi a mai da shi inda ya fito. Shugaban da ya ɗora masa kayan jaki uku kuwa, shi ne zai buɗe taron, ya sha hoto, ya tafi.

Alhali masana sun daɗe da gano inda gizo ke saƙa. Tun a 1979 wani masani ɗan Amurka, Robert Karasek, ya nuna cewa aikin da ya fi cin mutum shi ne wanda nauyinsa ya yi yawa, kuma mai yin sa ba shi da ta cewa a kan yadda zai yi shi. A 1988 wasu masana biyu, Johnson da Hall, da suka yi nazarin ma'aikatan ƙasar Suwidin, suka ƙara abu na uku: rashin goyon bayan shugaba da abokan aiki. Binciken da Michael Marmot ya jagoranta tun daga 1985 a kan ma'aikatan gwamnati sama da 10,000 a Landan ya gano cewa na ƙasa, waɗanda sai abin da aka ce musu, sun fi manyansu kamuwa da ciwon zuciya.

Ba sai mun je Landan ba ma. Ka leƙa shagon tela a babbar kasuwa ana saura kwana uku Sallah. Yana kan keke har asuba, idonsa ja wur, amma ga shayi, ga raha, ga yara masu taya shi. Shi ke zaɓar ɗinkin da zai fara, shi ke cewa "Hajiya, naki sai bayan Sallah." Ya gaji, gaskiya, amma barci ɗaya zai sauke masa. Ƙanwata kuwa, ko musayar gadin dare da abokiyarta ba za ta yi ba sai majo, shugaban cibiyar, ya sa hannu. In haihuwa ta zo da gardama ita za a tuhuma, in komai ya tafi daidai babu mai ce mata sannu. Haka mushen kwantiragi, malamin makaranta da ke fama da aji cike maƙil, kuɗinsa na wata bai zo ba, kuma bai san ko baɗi yana nan ba. Irin wannan gajiya ba ta jin barci, bin mutum take har kan shimfiɗa, daga baya ta fito a awon jini.

Masu cewa haƙuri maganin zaman duniya ne, su fara yi wa masu ofis wannan wa'azi. Masu cewa a ƙara albashi kawai komai ya wuce, su tuna an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa jika 42, kuma yaron shagon da ke tsaye daga bakwai na safe har bayan isha'i bai samu ko minti ɗaya na hutu a ciki ba. Dokar ƙwadagonmu ta 2012 ta ce awa 40 a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Ƙwadago sun ƙiyasta cewa mutum 745,000 suka mutu a 2016 da shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Wane sufeto ne ya taɓa shiga shago a Maradi ya tambayi yaro ƙarfe nawa yake tashi?

Abin takaicin shi ne biyu daga cikin abubuwa ukun nan da masana suka gano, wato ta cewa da goyon baya, ba sa cin ko dala. A bar ungozomomi su tsara gadinsu da kansu. Shugaba ya daina tsinka ma'aikaci a gaban jama'a, ya tsaya masa in an zo da ƙara. Amma wannan yana nufin mai kujera ya saki wani ɓangare na ikonsa, shi kuwa ya gwammace ya kama zauren otal, a raba lemo da kuɗin mota, a rubuta rahoto. Kuɗin kwana biyun nan da an sayi safar hannu da su, da ƙanwata ba ta aika mijin mai naƙuda farmasi da tsakar dare ba.