Daƙiƙa sittin

Kun dai san tsohuwar amfilifayar Kawu, mai kwalaben gilashin nan masu ƙara ƙarfin sauti, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Ya ce a duba masa ita, na ce ai ƙaramin aiki ne. Na jona makirufo da lasifika, na kunna. Kwalabe suka yi ja, sauti babu. Na kashe, na duba fis, lafiyarsa lau. Na tattaɓa wayoyi na ɗan lokaci, na sake kunnawa, shiru. Sau huɗu ana haka. Daga ɗaki Kawu ya ce, "Yaro, ka ba ta lokaci mana." Na ce "To, Kawu," a raina ina cewa tsofaffi komai sai sun kawo maganar haƙuri.

Can na hango wata kwalba a gefe da ba ta haske kamar 'yan'uwanta, an rubuta 6NO60 a jikinta. Na nuna wa ƙanena, na ce ga mai laifin nan, ta ƙone.

Ashe ba ta ƙone ba, ba ma irin sauran ba ce. Makunnin jinkiri ne na kamfanin Amperite na Amurka, sun dai sa masa rigar gilashi ne. A cikinsa akwai ɗan falle na ƙarfe iri biyu da aka manne, ga siririyar waya mai ɗumama shi. Da zafi ya kama, ɗaya ƙarfen ya fi ɗaya miƙewa, sai fallen ya riƙa lanƙwasa a hankali har bakinsa ya taɓa mahaɗi. Sai a lokacin babbar wuta, volt ɗari huɗu da wani abu, take samun hanyar shiga kwalaben, bayan cikinsu ya gama ɗumi, don ba a so ta afka musu suna sanyi. Lambar ma ta faɗi komai: 6 ɗin wutar ɗumamawa ce, volt 6.3, NO na nufin a buɗe yake, wato wuta ba ta wucewa, kafin ya yi zafi, 60 kuma daƙiƙa sittin. Ni kuwa ban taɓa jira ya kai ashirin ba.

A karo na biyar na kunna na bar ta, na murɗa sauti har ƙarshe don in nuna cewa gawa ce. Makirufo na hannuna, daidai bakina, na juya ga ƙanena ina bayani. Na ce wannan akwalar ta mutu tun ba a haife ni ba. Na ce ko kyauta aka ba ni ba na so. Sai na ji wani ɗan "ƙas" a bayana, ban kula ba, na ci gaba: "Shi ma Kawu ROWA CE TA HANA SHI SAYEN SABUWA."

Jama'a, taga sai da ta girgiza. Muryata ce, tsaf, babu ko ƙura a cikinta, wallahi amfilifayar nan tana da sauti. Na daka tsalle na kashe, amma kafasitocin ciki ba sa zubar da caji nan take, don haka "innalillahi" ɗina ma ta fita, tana dusashewa a hankali kamar ana ja na cikin rijiya.

Shi kuma ƙanen nawa, kun san halinsa. Daga baya na gano tun a karo na uku ya duba lambar a wayarsa, ya karanta, ya yi gum. Yana tsaye yana ƙirga daƙiƙoƙi a ransa. Wannan yaron ni na koya masa hawa keke. Ni na rufa masa asiri ranar da ya fasa madubin motar nan, har yau ana zaton iska ce. Da na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, ai kai ne injiniya, ban so in katse ka ba."

Kawu ya fito, bai ce komai ba game da rowa, wanda ya fi min ciwo. Ya ce, "Sake kunnawa mu ji." Na kunna. Yanzu ai na zama masani, na san ina da minti guda cur, sai na sunkuya na raɗa wa ƙanena, "In ka faɗa masa sauran maganar SAI NA KARYA KA."

Abin da ban sani ba, fallen ƙarfen sai ya huce yake komawa mazauninsa. In aka kashe aka kunna yana da zafi, jinkirin kusan babu. Shi ya sa wasu masu ƙira suke ƙara wani makunni da zai riƙe hanyar, ya cire wa na zafin wuta ya huce. Ta Kawu ba ta da shi.

Kawu ya ce, "Wace sauran magana?"

Har yanzu amfilifayar tana jirana, wai in goge mata ƙura. Ban je ba tukuna.