Yaron Da Ya Shige Ƙarƙashin Benci: Nauyin Da Ke Kan Makarantun Firamare Na Coci

A farkon shekarar 2024, malamar aji huɗu a wata makarantar firamare ta coci da ke gefen garin Jos, inda nake cikin kwamitin iyaye da malamai, ta kawo ƙarar wani yaro ɗan shekara tara. Ta ce ba ya kwafar abin da aka rubuta a allo, yana gyangyaɗi tun da sassafe, kuma ranar da salansar wani babur ta yi ƙara a bakin ƙofar makaranta sai ya shige ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwansa, ya ƙi fitowa har aka fita tara, 'yan aji kuwa suka yi ta yi masa dariya. Sau biyu ta yi masa bulala bai zubar da hawaye ko ɗigo ba, abin da ya ƙara tabbatar mata cewa taurin kai ne. Sai da aka kira goggonsa muka ji cewa daga wani ƙauye na Bokkos aka kawo shi, bayan hare-haren jajibirin Kirsimetin 2023 da suka ci rayukan mutane fiye da 150 a Bokkos da Barkin Ladi da Mangu. Ya kwana biyu a cikin duwatsu tare da kakarsa, mahaifinsa kuma bai tsira ba. Goggon ta ce tun zuwansa bai taɓa ɗaga maganar ba, amma fitsarin kwance ya dawo masa, ba ya kuma yarda a kashe fitila da dare. Malamar ta sunkuyar da kai ta ce, "Mama, da na san haka ne, da ban ɗaga masa hannu ba."

Ban ga laifin malamar ita kaɗai ba. Takardar shiga makarantar tana da gurbin suna da shekaru da majami'ar da iyaye ke zuwa, amma babu inda aka tambayi abin da yaro ya gani kafin ya iso ƙofarmu, kuma a duk horon da malamar ta samu ba a taɓa gaya mata yadda firgici yake bayyana a jikin ƙaramin yaro ba. Ra'ayina shi ne makarantar da ke buɗe kowace safiya da sujada, tana karanta wa yara cewa Yesu ya ce a bar ƙanana su zo wurinsa kada a hana su, ita ce ya fi kamata ta fara gane cewa zuciyar yaro tana jin rauni kamar yadda ƙafarsa ke jin rauni, kuma irin wannan rauni kulawa yake nema.

Yaran da ke ɗauke da irin wannan nauyi suna da yawa a makarantun ECWA da COCIN da EYN da Katolika da Angilika da Baftis, daga Filato zuwa kudancin Kaduna, daga Adamawa zuwa kudancin Borno. Waɗanda suka gudu lokacin da Boko Haram ta mamaye yankin Mubi a 2014 su ne iyayen wasu 'yan firamare na yau. An sace ɗalibai fiye da 100 a makarantar Bethel Baptist ta jihar Kaduna a Yulin 2021, a Nuwamban 2025 kuma aka kwashe ɗaruruwan yara, har da 'yan firamare, daga makarantar St. Mary ta Papiri a jihar Neja. Yaron da bai taɓa ganin ɗan bindiga ba ma yana jin waɗannan labarai a bakin manya, yana kuma lissafa su a ransa idan ya ga an kulle ƙofar makaranta. Bayan wannan akwai damuwar da ba ta shiga labarai: mutuwar uwa, uban da ke dawowa a buge yana duka, yunwa, ciwon sikila da ke kwantar da yaro mako biyu ya dawo ya tarar an wuce shi, da cin zarafin da ake rufewa don gudun abin kunya. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan rabin larurorin ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14, wato tushensu yakan kasance a shekarun da yaro ke zaune a gaban malamin firamare.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Yaron da ya tsallake rijiya da baya, jikinsa yakan zauna cikin shirin gudu ko da haɗarin ya wuce: zuciya na bugawa da sauri, kunne na bin kowace ƙara, barcin dare ba ya nisa. Hankalin da ke gadin ƙofa ba zai iya riƙe jadawalin sau ba. Wani yaron yakan yi shiru kamar ba ya ajin, wani ya koma mai faɗa da cizo, wata kuma kullum ciwon ciki ko ciwon kai ba tare da zazzaɓi ba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, sai dai fuskar yaro sau da yawa tana ba da labarin ne da harshen da ke kama da rashin kunya, shi ya sa bulala ke riga tambaya isowa.

Malamai da dama suna kafa hujja da Karin Magana 13:24, inda aka yi maganar sanda, suna ƙarawa da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma Littafin da suke riƙe da shi ya gargaɗi iyaye a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karaya, kuma ɗanyen iccen da aka tanƙwara da ƙarfin tsiya tsagewa yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta dukan yara da ƙaruwar tsoro da damuwa da ja-baya a karatu. Ga yaron da ya ga an ɗaga adda a kan mahaifinsa, hannun malamin da ya ɗaga dorina yana tabbatar masa ne cewa babu wurin da manya ba sa cutarwa. Horo yana da hanyoyi da yawa, kuma makarantar coci ba za ta rasa komai ba idan ta ajiye bulala gaba ɗaya.

Bayan bulala akwai wani abu na biyu da ya fi damuna, domin da sunan bangaskiya ake yin sa. Yarinya ta yi ta razana cikin barci, ko yaro ya faɗi yana shure-shure, sai a ce aljani ne, ko a ce an sa shi a ƙungiyar asiri, a kewaye shi ana ihu a kansa, a hana shi abinci da sunan azumi, wani lokaci har a tilasta masa ya amsa laifin maitar da bai san ma'anarta ba. Na yi imani da addu'a, ina kuma yi wa 'ya'yana ita kowane dare. Amma ina roƙon fastocinmu su tuna da tarihin ikilisiyoyin da suke jagoranta. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan United Mission (SUM) da suka sauka a Wase ta Filato a 1904 su ne suka kafa asibitin Vom a 1922. Wasu 'yan mishan da suka zauna a Garkida ta Adamawa a 1923 sun gina majami'a da makaranta da asibiti da wurin jinyar kutare, haka kuma aka yi a Wusasa ta Zariya. A zamanin da mutane da yawa ke ɗaukar kuturta a matsayin la'ana, su sun yi wa kuturu addu'a, suka kuma wanke masa miki suka ba shi magani, ba su taɓa ganin cewa ɗayan ya rushe ɗayan ba. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ake shawo kansa da ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi, firgici da ciwon damuwa su ma suna da hanyoyin jinya. Ikilisiyar da ta gaji Vom da Garkida ba ta da dalilin mayar da yaro marar lafiya abin tuhuma.

Nassin kansa ya nuna hanya. A 1 Sarakuna sura 19, annabi Iliya ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai tsawata masa a kan ƙarancin bangaskiya ba, sai ya tashe shi ya ce ya ci abinci ya sha ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, sannan ya sake ciyar da shi, magana kuwa sai daga baya ta zo. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, Zabura kuma cike take da kukan mutanen da suka gaji. Idan ana koya wa yara waɗannan a darasin addini da makarantar Lahadi, yaron da ke kewar mahaifinsa zai san cewa kukansa ba zunubi ba ne, maimakon a riƙa rufe masa baki da "ka yi haƙuri, kai namiji ne".

Za a ce babu kuɗi kuma babu ƙwararru, kuma gaskiya ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, masu kula da yara a cikinsu kuwa ƙalilan ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ci gaba ce, amma har yanzu ba ta iso ajin firamare ba. Sai dai yawancin yaran nan, abin da suka fi buƙata shi ne babban mutum guda da suka amince da shi, da kuma rana mai tsari da suka san yadda za ta fara da yadda za ta ƙare. Jagorar taimakon gaggawa ga wanda ya firgita, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, a kan abubuwa uku ta tsaya: ka duba, ka saurara, ka haɗa mutum da inda zai sami taimako. Ana iya koya wa malamai wannan a cikin 'yan kwanaki na hutu, ikilisiyoyin da ke iya tara dubban mutane a taron shekara kuwa ba za su kasa shirya shi ba. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa, binciken da aka wallafa a 2016 kuma ya nuna cewa hanyar tana aiki. Manya aka yi wa wancan shirin, amma duk wanda ya san Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ya san cewa muna da irin waɗannan iyaye a kowace majami'a, horo da ƙa'idar riƙe sirri kawai suka rage.

Riƙe sirrin nan yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu, domin muna da al'adar mayar da damuwar mutum batun addu'a a gaban jama'a. Yarinyar da ta gaya wa malama abin da ke faruwa a gidansu, washegari ta ji an ambaci sunanta a sujadar safe, ba za ta sake buɗe baki ba. Iyakar sirri ita ce inda yaro ke cikin haɗari: idan ana cin zarafinsa, dole a kai maganar ga hukuma, ko da wanda ake zargi dattijon ikilisiya ne, ko mai ba da baiko mafi tsoka. Haka nan yaron da ya fara maganar mutuwa, ko ya daina ci da wasa har makonni, ko yake faɗuwa, a taimaki iyayensa su kai shi asibiti, ko sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Maiduguri.

Akwai kuma raunukan da makaranta ke yi da hannunta. Kiran sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a gaban taron safe, a kore su suna tafe suna sunkuyar da kai, hukunta yaro ne a kan talaucin da ba shi ya jawo ba, alhali ana iya yin maganar da iyaye a ofishin hedimasta. Cinye lokacin wasa da ƙarin lesin ma asara ce, domin da guje-guje da waƙa da kiɗa da zane ƙananan yara ke sauke abin da bakinsu ya kasa faɗa. Ya kamata a tuna cewa makarantun nan suna da ɗalibai Musulmi da iyayensu suka ba da amana, kuma kulawar da za a yi musu ba ta da sharaɗin addini. Su ma malaman, da yawansu ba sa samun mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wasunsu kuma 'yan gudun hijira ne da suka binne nasu. Malamar da ta kwana tana tunanin kuɗin haya da wuya ta sami sararin zuciyar da za ta saurari yara arba'in, don haka majalisar dattawan da ke son lafiyar yara sai ta fara duba takardar albashi.

A makarantarmu abin da muka iya yi kaɗan ne. An ƙara tambaya ɗaya a takardar shiga, wadda hedimasta ke yi wa iyaye a keɓe a ofis, ko yaron ya rasa wani ko ya ga tashin hankali. An daina bulala a aji ɗaya zuwa uku, muna kuma kan ja-in-ja da wasu iyaye a kan sauran azuzuwan. Wata uwa daga Zumuntar Mata, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, tana zama a barandar ofis duk ranar Talata da Alhamis. Yaron Bokkos an mayar da shi benci na kusa da ƙofa, inda yake iya ganin waje, malamarsa kuma ta yi masa izinin fita ya je baranda duk lokacin da ya ji ƙirjinsa na bugawa, ba sai ya ɗaga hannu ba. Har yanzu yana zabura idan iska ta buga kwanon rufi, amma goggonsa ta ce yanzu yakan yarda a kashe fitila idan ƙaninta na kwance kusa da shi.