Don Allah ku bar "taɓarɓarewa" ta huta haka nan

Kun dai ga labarin nan da ake ta yawo da shi tun safe: "Taɓarɓarewar ilimi: masana sun nuna damuwa." Na buɗe, na karanta tun daga sama har ƙasa. Babu sunan makaranta ko ɗaya, babu shekara, babu wanda aka ce shi ya yi sakaci. Ita kuwa kalmar sau shida na ƙirga ta. Su "masanan" ma ashe mutum ɗaya ne, sannu da aiki!

Kalmar nan ta zama bargon da wasu 'yan jarida ke lulluɓe lalacinsu da shi. Tsaro ya taɓarɓare, tattalin arziki ya taɓarɓare, tarbiyya ta taɓarɓare. In baki ya gaji da ita sai a kira ƙannenta, su "mawuyacin hali", su "halin ha'ula'i", su "ƙaƙa-ni-ka-yi". Tun ina ƙarami nake jin ilimi yana taɓarɓarewa a rediyo. To wai daga wane tudu ya faro gangarowa da har yau bai kai ƙasa ba?

Ku lura da yadda aka gina kalmar. In ka ce abu "ya taɓarɓare", ba ka buƙatar mai laifi. Abin ne ya lalace don kansa, kamar katangar da damina ta jiƙa. Alhali Hausa ba ta gaza ba, muna da "wane ya taɓarɓarar da al'amura". Sau nawa kuka ga wannan a kanun labari? Ba za ku gani ba, domin sai an kawo suna, suna kuwa sai an yi bincike, bincike kuwa sai an tashi daga kan kujera.

Ga misali. A 2022 malaman jami'a na ƙungiyar ASUU sun shiga yajin aiki daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur ɗalibai na zaune a gida. Akwai ɓangarori biyu, ASUU da gwamnatin tarayya, akwai yarjejeniyar da suka ƙulla a 2009 da ake jayayya a kanta. Wannan labari ne mai kai da ƙafa. Haka ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabin rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Ko kana goyon baya ko kana adawa, akwai rana, akwai bakin da ya furta. In ka tattara duk wannan ka kira shi "taɓarɓarewa", ka shafe sawun kowa ke nan.

Na san wani zai ce ai gaskiya ne abubuwa sun lalace. Wa ya musa? Ba ɗan jarida nake jira ya faɗa mini ba, a jikina nake ji. Masu cewa kanun labari ba ya ɗaukar dogon bayani kuma, cikin labarin fa, shi ma wuri ne ya ƙare?

Tsakani da Allah, na san aikin da wuya. Akwai barazana, akwai albashin da ba ya zuwa a kan kari, akwai editan da ke son labari goma kafin azahar. Ban raina kowa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mahaifina, da ke kasa kunne ga labaran safe kullum, ya kashe rediyo ya ce "Allah ya kyauta", bai ƙaru da sanin wanda zai tuhuma ba. An saba masa da jin cewa lalacewa kamar hunturu take, zuwa take yi da kanta.

Af, kuma ku 'yan jarida, tunda kun nace sai kun yi amfani da ita, ku riƙa sa mata ƙugiyarta mana. Ɓ biyu ne a ciki. Yawancin wayoyin yanzu suna karɓar allon rubutun Hausa, saukewa kawai za ku yi. Jiya ma wani ya rubuta "an kama barayi" da "kasa" a layi ɗaya, na rasa ko ƙasa yake nufi ko macijiya.