Wa zai buga wa yaran Bauchi abin da suke rubutawa?

A zangon karatun da ya wuce na ƙwace wani littafin rubutu daga hannun wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare, a makarantar da nake koyar da Hausa a nan cikin garin Bauchi. Ina gaban allo ina bayanin amsa-amo, sai na lura littafin yana ta yawo ƙarƙashin benci daga wannan hannu zuwa wancan. Da aka tashi ta biyo ni har ƙofar ofishin malamai, ido cike da hawaye, tana cewa, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, kada ka kai wa firinsifal. Wallahi labari ne kawai."

Bayan sallar isha'i na buɗe shi a gida. Labari ne kuwa, shafi 40 da 'yan kai, a kan wata yarinya mai tallar awara a bakin kasuwar Wunti, wadda take ɓoye ribarta a gwangwani don ta biya wa ƙanenta kuɗin jarrabawa. Babu shafin da ba shi da kuskure. Tana haɗe kalmomin da ake rabawa, tana raba na haɗewa, ƙugiyar ƙ da ɗ kuwa sai inda ta tuna. Duk da haka ban iya ajiye shi ba sai da na kai inda ta tsaya. A gefen shafukan ƙawayenta sun yi ta rubuta mata, "ki ci gaba", "don Allah kar ki kashe Inna". Ashe tana da masu karatu tun kafin ni.

Washegari na mayar mata, na ce ta ƙarasa shi. Sai ta ce, "To Malam, in na gama ina zan kai shi?" Na yi shiru, don ba ni da amsar da zan ba ta wadda ba ta wuce ƙarfinta ba.

Ba wai babu ƙofa ko ɗaya ba ne. Akwai gasar rubutu ta ƙasashen Kwamanwel, wadda ake yi tun 1883, kuma yaran Najeriya suna da damar shiga. Akwai gasar Foyle ta Ingila ta matasan mawaƙa 'yan shekara 11 zuwa 17, shigarta kyauta ne. A nan gida, cibiyar Hill-Top da B.M. Dzukogi ya kafa a Minna ta daɗe tana renon marubuta 'yan sakandare, tana buga musu littattafai, tana kuma shirya musu gasa da biki. Duk wanda ya san aikinsu ya san sun cancanci yabo. Amma gasannin waje da Turanci ake yin su, galibi ta intanet ake aikawa, kuma sai yaro yana da babban da zai ji labarinsu ya sanar da shi kafin a rufe. Na Minna ma Turanci ne ya fi rinjaye. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta fito da mata marubuta da yawa, sai dai an tsara ta ne ga waɗanda suka kai shekara 18. Kyautar adabi ta kamfanin NLNG mai dala 100,000 takan zagayo kan adabin yara sau ɗaya a shekara huɗu, amma littattafan da ke cin ta manya ne suka rubuta wa yara. Yarinya 'yar shekara 16 mai rubutu da Hausa a littafin makaranta, wadda wayar gidansu tana hannun mahaifinta, kusan duk waɗannan ƙofofin sun yi mata nisa.

Ni a ganina ma gasa ba ita ce babbar buƙatar ba. Gasa sau ɗaya ake yin ta a shekara, mutum uku su ci, sauran ɗaruruwan ba za su taɓa sanin inda suka yi kuskure ba. Abin da yaro mai rubutu yake nema shi ne wani wuri kusa da shi, mai fitowa a kai a kai, inda babba zai karanta aikinsa da jan biro a hannu, ya ce gyara nan, cire can, sannan ya ga sunansa a buge. Wanda bai taɓa ganin fuskar yaro a ranar da ya fara ganin sunansa a takarda ba, da wuya ya gane abin da nake nufi.

Mu mutanen Bauchi bai kamata a tuna mana wannan ba. A 1933 hukumar fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. East bai zauna a ofis yana jiran a kawo masa ba. Sai da ya zaga manyan garuruwan Arewa, ya tara malamai, ya roƙe su su rubuta. Cikin waɗanda suka amsa akwai wani matashin malamin makarantar Midil ta Bauchi, ɗan shekara 21 ko kusa da haka, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya aika da Shaihu Umar. Abubakar Imam ma a lokacin bai wuce shekara 22 ba. Ba yara ba ne, na sani, amma babu wanda ya san su da rubutun littafi a wannan rana. An neme su, an gyara musu, an buga, an kai makarantu. Shekara 90 da ɗoriya ke nan ana karanta abin da suka rubuta. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma a garin da ya haifi Sa'adu Zungur babu dalilin da zai sa a yi zaton rijiyar ta ƙafe.

Abin da nake kira a yi bai kai aikin East wahala ba. Takardar A4 guda 10, in aka buga ta gaba da baya aka ninke biyu, ta zama mujalla mai shafi 40. Shagunan kwamfuta da fotokofi ga su nan birjik a Yalwa da kewayen kowace babbar makaranta. Malami ɗaya na Hausa, ɗaya na Turanci, da ɗalibai biyar da za su koyi tacewa da tsara shafi, sun isa su fitar da mujalla sau ɗaya a kowane zango. Ƙungiyar iyaye da malamai da take iya tara kuɗin fenti da na bikin yaye ɗalibai ba za ta gaza kuɗin kwafi 100 ba. Makarantar da ko wannan ya fi ƙarfinta tana da allon sanarwa, tana da taron asembili na safiyar Litinin, inda za a ba yaro minti uku ya karanta waƙarsa.

Daga nan sai a hau mataki na biyu. Jihar Bauchi tana da ƙananan hukumomi 20. In kowace ta zaɓo rubutu biyar mafi kyau daga mujallun makarantunta, an sami guda 100, wato littafi sukutum a kowace shekara, wanda ɗan Ningi zai karanta ɗan Misau a ciki, 'yar Dass ta karanta 'yar Azare. Reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na jiha da sassan koyar da harsuna na jami'ar Gaɗau da kwalejojin ilimi na Azare da Kangere suna da mutanen da za su iya tacewa. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga ɗakin karatu na ƙasa ake samun ta, a kai musu kwafi uku kamar yadda doka ta tanada, sunan yaron ya shiga kundin ƙasa. Gidajen rediyonmu kuma, masu filin gaishe-gaishe na awa guda, me zai hana su ware minti 15 a mako yaro ya karanta labarinsa da bakinsa? Kaka da ba ta iya karatun boko ba sai ta ji jikanta.

Kada kuma a tsaya kan 'yan boko kaɗai. Duk wanda ya taɓa zuwa walimar saukar karatu ko taron Mauludi na Islamiyya ya ji waƙoƙin da 'yan mata ƙanana suke tsarawa da kansu, da amsa-amo daidai, a rera sau ɗaya a manta. Akwai almajiran da ke rubuta baitoci da ajami. Akwai yaran da harshen gidansu Fulatanci ne ko Jaranci ko Sayanci. Shafi biyu a mujallar ba zai gagare su ba.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce, don sun sha faɗa mini a ofis: yaran da ba su iya rubuta wasiƙa ba, ga WAEC da NECO a gabansu, su ne za a ɗora wa rubutun labari? Damuwarsu gaskiya ce. Amma a ajina na ga cewa ɗalibin da ya san za a buga rubutunsa, 'yan'uwansa su gani, yakan sake shi sau uku ba tare da an tilasta masa ba, alhali aikin gida sau ɗaya yake yi ya jefar. Insha'in da ake tambaya a jarrabawa da wannan hannun ake rubuta shi.

Wasu kuma za su ce ai yanzu waya ta wadatar, ga Wattpad, manhajar da ake sakin labarai ana karantawa, ga zaurukan WhatsApp da ake sakin labarai shafi-shafi. Lallai sun buɗe hanya, musamman ga mata, kuma ba na raina su. Sai dai babu mai gyara a can. Abin da ya fi jan jama'a shi ake kwaikwayo, kuma iyaye sun san irin labaran da suka fi jan jama'a a wasu zaurukan. Yarinya 'yar shekara 14 da ta saka lambarta a ƙarshen labari don masu son ci gaba su tuntuɓe ta, ba ta san wa zai kira ba. Ga kuma masu tallar gasar bogi, a karɓi kuɗin rajista a turo wa yaro hoton satifiket, da masu kwashe labarin wani su canza suna su sayar. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba marubuci haƙƙin aikinsa tun daga lokacin da ya rubuta shi, ko shekarunsa nawa, amma yaro ba zai iya ƙwato haƙƙinsa shi kaɗai ba. Shi ya sa duk inda za a buga rubutun yaro dole a nemi izinin iyayensa a rubuce, kada a saka lambar wayarsa ko unguwarsu, kada a karɓi ko sisinsa, kuma malami ya ji tsoron Allah kada ya gyara har rubutun ya tashi daga na yaron ya koma nasa.

A makarantarmu mun fara. Firinsifal ya ba mu rim biyu na takarda, wani uba mai shagon fotokofi ya ce zai buga mana a kan kuɗin tawada kawai. Mun sanar a asembili muna tsammanin rubutu goma ko sha biyar, sai ga shi kwalin da muka ajiye a ƙofar ofis ya cika kafin Juma'a, har da na wani yaro ɗan aji ɗaya da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba. Babin farko na labarin mai awara zai fito a shafi na uku. Ta sake rubuta shi sau huɗu, kuma mahaifinta da kansa ya kawo takardar izini, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, in ta fito a ajiye mini guda biyu, ɗaya zan aika wa kakarta a Darazo."